Gaɓa da Motsi Take Rayuwa: Sharhi kan Ciwon Gaɓoɓi a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da zarar mutum ya haura hamsin ya fara dafa ƙasa kafin ya miƙe daga tabarma, bayani biyu ake yi masa. Wasu su ce sanyi ne ya shige shi, wasu su ce wahalar noma ce ta cinye gwiwar har ruwanta ya ƙafe. Ko wanne ya ɗauka, shawarar da ke biyo baya iri ɗaya ce: ya zauna ya huta, ya naɗe wurin, ya nemi ƙwayar da za ta kwantar masa da zogi. Masu ba da wannan shawara da kyakkyawar niyya suke yi, amma a ganina ta saɓa wa yadda Allah ya tsara gaɓa. Gaɓar da ke lanƙwasuwa da motsi take ci, da motsi take sha. Naƙasa da yawa da ake gani a gwiwa da gwiwar hannu da kwatangwalo a wannan yanki ba tsufa kaɗai ya kawo ta ba. Akwai hannun ɗauri mai tsawo a ciki, da na ƙwaya mai rufe ciwo, da na jinkiri a inda bai kamata a yi jinkiri ba.

Mai son ganin gaɓa da idonsa ba sai ya je makarantar likitoci ba, ya tsaya gaban mahauci ranar kasuwar Sheme ya dubi yadda yake raba ƙafar saniya. Wuƙa takan fara yanke wata jaka mai tauri da ta lulluɓe mahaɗar ƙasusuwan biyu. Tana ɓulewa sai wani ɗan ruwa garau mai yauƙi ya ɓullo, wanda in ka murza shi tsakanin yatsu biyu zai ja zare. Sannan kawunan ƙasusuwan su bayyana, farare tas, sumul, suna sheƙi; wannan farin shi ne guringuntsi. A gefe da kuma can ciki akwai wasu fararen igiyoyi masu tauri da suka riƙe ƙashi da ƙashi, sai mahaucin ya tsinke su kafin ƙafar ta rabu. Gwiwar ɗan Adam ma haka take. Jakar shimfiɗa biyu gare ta: ta waje mai tauri ce, cike da jijiyoyin jin zafi, ta ciki kuma tantani ne siriri mai yawan hanyoyin jini, shi ke tato ruwan nan daga jini, ya ƙara masa sinadaran yauƙi, ya kuma tsotse wanda ya tsufa. Ruwan ba wani mai yawa ba ne, a lafiyayyar gwiwa bai cika cokalin shayi ba. Guringuntsin kuwa kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne a yawancin wurare. A kan wannan ɗan abu ne mutum yake tsayuwa da tafiya shekara saba'in, kuma har yau masu ƙera gaɓar roba da ƙarfe ba su iya kamo santsinsa ba.

Ba kowace mahaɗar ƙashi ke da wannan tsari ba. Ƙasusuwan ƙoƙon kai a ɗinke suke, ba sa motsi, na gadon baya kuma faifan guringuntsi ne a tsakaninsu. Masu jaka da ruwa su ne irin su kafaɗa, gwiwar hannu, tsintsiyar hannu, yatsu, muƙamuƙi, kwatangwalo, gwiwa da idon sawu, kuma kowacce an auna mata rabonta tsakanin sake da ƙarfi. A kafaɗa gurbin da kan ƙashi ke zama ba shi da zurfi, shi ya sa hannu ke kewayawa ko'ina, mace ta ɗaga taɓarya, manomi ya sara fartanya, shi ya sa kuma kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa saurin gocewa. Kwatangwalo gurbinsa mai zurfi ne, bai cika gocewa ba sai a mummunan haɗari irin na babur da mota. Gwiwa ce abin tausayi. Kan ƙashin cinya yana zaune ne bisa saman ƙashin ƙwauri, wanda kusan a shimfiɗe yake, babu gurbi, sai wasu guringuntsaye biyu masu siffar jinjirin wata da suka tallafe shi, da manyan igiyoyi huɗu, biyu a gefe, biyu sun gitta juna a ciki. Sauran riƙon duk na tsokar cinya ne. Alhali a tafiyar yau da kullum nauyin da ke sauka kan gwiwa a kowane taku ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, a hawa tudu da tashi daga tsugunne kuma ya fi haka.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne, guringuntsin gaɓa ba shi da hanyar jini ko ɗaya, ba shi kuma da jijiyar jin zafi. Rashin jijiyar ne ya sa muke taka ƙasa ba mu ji komai ba. Rashin jinin kuwa ya sa dole abincinsa ya biyo ta wata hanya, kuma hanyar ita ce ruwan nan mai yauƙi. Kusan kashi 70 cikin 100 na guringuntsi ruwa ne, yana kuma aiki kamar soso: an taka ƙafa ya matsu ya fitar da ruwan da ya kwashe dattinsa, an ɗaga ƙafa ya saki ya zuƙo sabo mai ɗauke da abinci. 'Yan ƙwayoyin halittar da ke warwatse a cikinsa da wannan matsi da saki suke rayuwa. In aka hana gaɓa motsi na makonni, guringuntsin yakan yi laushi ya sirance, jakar ta ƙanƙance ta manne, tsokar da ke kewaye ta zube, sai a kwance ɗauri a tarar ƙafa ta ƙage. Wani likitan ƙashi na ƙasar Kanada, Robert Salter, ya gwada wannan a Toronto tun daga shekarun 1970. Ya ji wa gwiwoyin zomaye rauni iri ɗaya, wasu ya ɗaure su, wasu ya sa su a na'urar da ke lanƙwasa ƙafa tana miƙe ta a hankali dare da rana, kuma waɗanda aka motsa ɗin su ne rauninsu ya fi cikewa. Sai dai guringuntsin da ya lalace da wuya ya dawo yadda yake. Wani likita mai suna William Hunter ya rubuta haka a Landan tun 1743, kuma a 2016 masu bincike a ƙasar Denmak suka nuna cewa zaren da ya zama ginshiƙin guringuntsi ana gama saƙa shi ne lokacin da mutum ya gama girma, ba a sabunta shi bayan nan. Ƙashi ya karye ya haɗe saboda jini na gudana a cikinsa. Guringuntsi kuwa, wanda mutum ya shiga shekara ashirin da shi, da shi zai tsufa.

Da wannan za a ga cewa maganar ruwan gwiwa ya ƙafe ba ta zauna daidai ba. A amosanin gaɓa irin na manya, ruwan yawanci ƙaruwa ma yake yi, sai dai ya tsinke ya rasa yauƙinsa, shi ya sa gwiwar take kumbura. Abin da ke raguwa guringuntsi ne, kuma tazarar da likita ke nuna wa majinyaci ta matse a hoton ƙashi gurbin guringuntsin ne. Zogin kuma daga ƙashin da ke ƙarƙashi yake fitowa, da jakar, da tantanin da ya fusata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da wannan ciwo a duniya, miliyan 365 daga ciki a gwiwa, kashi 60 cikin 100 kuma mata ne. Duk mai wannan ciwo ya san wata alama da ta isa shaida: da asuba gwiwa a sandare take, amma kafin ya kai masallaci ya dawo ta saki. Zama ne ya sandarar da ita, tafiya ce ta sake ta. Ya kamata a bambanta shi da wani amosanin na daban, wanda garkuwar jiki ce ke afka wa tantanin gaɓa. Shi yakan kama yatsun hannu biyu lokaci ɗaya, sandarewar safiya ta wuce awa guda, ya fi kuma kama mata, har da masu ƙuruciya, kuma maganinsa na asibiti ne tun kafin yatsu su karkace.

Manomin Sabuwa yana da hujja mai ƙarfi da zai kawo a nan. Zai ce, in motsi ne abincin gaɓa, wa ya fi mu motsi? Daga sharar gona zuwa huɗa zuwa noman farko da maimai zuwa girbin masara ba mu zauna ba, ga mu kuma da ciwon gwiwa da ƙugu. Maganarsa gaskiya ce, kuma ba a nan kaɗai aka gan ta ba. A Ingila bincike ya nuna manoma sun fi sauran jama'a kamuwa da amosanin kwatangwalo, har a 2005 gwamnati ta sa shi cikin cututtukan sana'a da ake biyan diyya ga wanda ya yi shekara goma yana aikin gona. Amma a dubi wane irin motsi ne. Ɗan dakon da ke sungumar buhun masara mai kilo 100 a kasuwar Ɗandume, ya tashi da shi daga tsugunne, ya hau katako ya jefa cikin tirela, ya ɗora wa gwiwarsa abin da ya wuce kima, kuma kullum a wuri ɗaya nauyin yake sauka. Haka mai haƙar farar ƙasa a ramukan Ƙanƙara da ke yini a durƙushe, haka yaron da aka ɗora wa kayan manya tun ƙashinsa bai ƙosa ba. Abin da bincike ya fi kamawa da laifi ke nan: nauyi mai yawa, durƙuso da tsugunne masu tsawo, da tsohon rauni da ba a kula da shi ba. Wata tattara nazarce-nazarce da aka buga a 2017 ta nuna amosanin gwiwa da kwatangwalo a kashi 3.5 cikin 100 na masu gudu don motsa jiki, kashi 10.2 na masu zaman dirshan, da kashi 13.3 na 'yan gasa masu wuce gona da iri. A shekarar dai wasu masu bincike a Amurka, da suka duba ƙasusuwan mutanen da da na yanzu, suka gano ciwon gwiwa ya ninka tun tsakiyar ƙarni na 20, zamanin da aikin ƙarfi ya ragu, ko da an cire tasirin ƙiba da tsawon rai. Ashe gaɓa tana da maƙiya biyu, zama da wuce kima, kuma a garuruwanmu mutum ɗaya yakan haɗu da dukansu: shekara arba'in na dako, sannan a ce masa ya kwanta.

Batun sanyi ba ya buƙatar dogon bayani. Ba wanda zai musa cewa gaɓa mai ciwo ta fi damun mai ita da hunturu ko da marka. Nazarin da aka yi a Manchesta a 2019 ya sami 'yar alaƙa tsakanin zogi da ranakun laima da iska, amma ƙarama ce. Sanyi yana ɗaure tsoka, yana kuma zaunar da mutum a ɗaki, don haka yana tayar da ciwon da ke nan, bai dai ƙirƙire shi ba. Gashi da ruwan ɗumi da murza da man kaɗanya suna sassauta tsoka, babu laifi a cikinsu. Laifin yana wajen tsaga da ƙaho da sakiya a kan gwiwar da ta kumbura, domin jakar gaɓa a rufe take ba ƙwayar cuta a ciki, kuma duk wanda ya huda fata kusa da ita da aska ya buɗe wa cuta ƙofa.

Sai maganar ɗori, inda na fi son a yi adalci. Mai ɗori yana da nasarori na gaske, shi ya sa jama'a ba su bar shi ba. Karayar tsakiyar ƙashi da ba ta goce da yawa ba, in aka daidaita ta aka tallafe da karare da tsumma, jini zai yi aikinsa ta haɗe, kuma mai ɗori yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, yana magana da majinyaci da harshen da yake ji. Matsalar ita ce dabara ɗaya yake yi wa abubuwa biyu masu halitta daban. Karayar da ta ratsa cikin gaɓa tana tsaga shimfiɗar guringuntsi, kuma in ta haɗe da ɗan tudu ko da na milimita biyu ne, wannan tudun zai yi ta kankare ɗan'uwansa har gaɓar ta lalace. Yatsa ba ya iya jin wannan ta saman fata, sai hoto. Gocewar kwatangwalo ana so a mayar da ita cikin awa shida, in ba haka ba hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya suna iya mutuwa. Gwiwar hannu kuwa ta fi kowace gaɓa saurin ƙagewa, makonni kaɗan na ɗauri sun isa su bar mutum ba ya iya kai loma baki. Mafi muni shi ne yaron da ya faɗo daga bishiya ya karye daf da gwiwar hannu, inda babbar hanyar jini ta bi. Hannu yana kumbura, karare ba sa buɗewa, yaro yana kuka ana cewa ya daure, kwana biyu yatsu su yi sanyi su yi baƙi. Likitocin ƙashi a Zariya da Maiduguri sun rubuta rahotanni a kan yaran da aka yanke wa hannu ko ƙafa ta wannan hanya. Ban ga amfanin yaƙar masu ɗori ba, don su ne na farko da ke ganin rauni a ƙauye. Abin nema shi ne su riƙe iyaka: rauni a kan gaɓa, karaya mai fasa fata, da ɗaurin da zogi ke ƙaruwa a ƙarƙashinsa, waɗannan ba nasu ba ne.

Ƙwaya ta fi ɗori ɓarna a ɓoye. Manomi ya dawo da yamma jiki ya yi tsami, ya biya kemis ko wajen mai tallar magani, a ƙulla masa haɗi a leda, sau da yawa da diclofenac ko piroxicam a ciki, da dexamethasone ko prednisolone, wani lokaci har da tramadol. Da safe ya tashi garau, ya ce magani ya yi. Amma jiki magayi ne, kuma zogi saƙo ne daga ƙashi da jaka cewa an wuce kima. An toshe saƙon ne, nauyin yana nan. Su diclofenac da piroxicam, in aka daɗe ana sha, suna jawo gyambon ciki da zubar jini, suna taɓa ƙoda, suna ɗaga hawan jini. Su dexamethasone kuwa, ban da kumbura fuska da tayar da ciwon suga da rage ƙarfin ƙashi, suna cikin manyan abubuwan da ke kashe kan ƙashin cinya, wato maganin da aka sha don gaɓa shi ke rusa ta. Ko allurar da ake yi cikin gwiwa a asibiti tana da iyaka: a wani gwaji na mutum 140 da aka buga a Amurka a 2017, waɗanda aka yi wa allurar irin wannan magani duk wata uku har shekara biyu sun fi asarar guringuntsi, zoginsu kuma bai fi na waɗanda aka yi wa ruwan gishiri sauƙi ba.

Za a ce duk wannan magana ce ta mai asibiti a bayan gida, kuma wannan ce hujjar da ta fi nauyi. Asibitin ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, yana Kano. Asibitin koyarwa na Shika yana bakin Zariya. Na tarayya yana Katsina. Mutumin ƙauyen Faskari sai ya fara kai kansa Funtuwa, a kan hanyar da ba kowane lokaci ake bin ta ba. Mutanen yankin ba su manta 2021 ba, lokacin da aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Wanda aka raba da gonarsa ba shi da kuɗin hoto, balle na gaɓar roba. Duk na yarda. Amma wahalar hanya ita ce ma ta sa ya zama dole a san wane ciwo ne ya cancanci tafiya, wane ne kuma ba ya buƙata. Amosanin gwiwa na manya, wanda shi ne mafi yawa, babban maganinsa a gida yake kuma kyauta ne: tafiya kullum gwargwadon iko, zama a kan kujera ana miƙe ƙafa ana riƙewa don tsokar cinya ta yi ƙarfi, sanda a hannun da ke ɗaya gefen na ƙafar mai ciwo, raba buhu gida biyu, da rage ƙiba ga mai ita, tunda kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Wannan shi ne abin da masu gashin ƙashi ke koyarwa, kuma ma'aikacin ƙaramin asibitin mazaɓa zai iya koyon sa cikin 'yan kwanaki ya koya wa tsofaffin garinsa.

Ciwukan da ba sa jira kaɗan ne, kuma sanannu ne. Na farko gaɓa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi rau, da zazzaɓi, yaro ya ƙi taka ƙafa ko ya ƙi a taɓa ta. Wannan sau da yawa mugunya ce a cikin jaka, kuma tana fara narkar da guringuntsi cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Sai an zuƙe ta ko an wanke gaɓar, an kuma ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Na biyu gocewa da karaya a kan gaɓa, da raunin harsashi kusa da ita, wanda abin baƙin ciki ya zama sananne a yankin. Na uku kumburin da ya ɗauki watanni tare da rama da gumin dare, domin tarin fuka yana kama kwatangwalo da gwiwa da gadon baya, maganinsa kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Na huɗu mai sikila, a ƙasarmu da ake haifar jarirai kusan 150,000 da wannan cuta duk shekara. Saurayi ko budurwa mai sikila da ya fara ɗingishi yana jin ciwo a matsematsi ko a gwiwa, a duba kwatangwalonsa, domin jinin da ke toshewa yana kashe kan ƙashin cinya a hankali. In aka gano tun kan ƙashin bai lotsa ba, akwai sanduna da gashin ƙashi da ƙaramar tiyata da za su iya jinkirta lalacewar. In ya riga ya lotsa, abin da ya rage shi ne sauya gaɓar gaba ɗaya, aikin da sai a manyan asibitoci ake yi, da kuɗin da iyalai kaɗan ne a Sabuwa ko Faskari za su iya haɗawa.